Turancin Sadisu da Jingar Zauro

Akwai wani matashi a Birnin Kebbi mai suna Sadisu, ma'aikacin auna ruwa. Aiki ya iya shi, amma Allah ya jarabce shi da son Turanci mai ado.

Wata damina aka tura shi ya auna saurin hauhawar ruwan gulbin Rima daga Argungu zuwa Zauro. Da rahotonsa wani kwamiti zai yanke ko za a ƙara tsayin jingar da ke tare ruwa daga fadama. A bayan jingar nan gonar shinkafar kawunsa Arzika take, mutumin da ya riƙe shi tun yana maraya.

Sadisu ya sha rana da sauro, ya samo awo mai ban tsoro. Da ya zauna rubutu kuwa, sai ya ga lambobi ba su da armashi. Ya ture su gefe, ya zuba kalaman Turanci irin na littattafan hira: ruwa na zuwa kamar walƙiya, cikin ƙiftawar ido, da gudun fitar rai.

Abokiyar aikinsa Rahmatu ta karanta, ta ce, "Malam Sadisu, walƙiyar ga, santimita nawa ta a awa guda? Injiniya ba shi gina jinga da ƙiftawar ido. Sa awo, sa ma'auni."

Ya yi dariya. "Ke dai Turancin ya yi miki nauyi."

Haka ya miƙa rahoton, yana jiran yabo.

Kwamiti ya duba bai ga lamba ba, sai ya ɗauka zuzutawa ce irin ta masu neman kwangila. Aka ajiye batun sai baɗi. Sadisu ya ruga da awon a hannu, aka ce masa an riga an tashi daga zama. Ya yi ta zarya ofis-ofis, kowa na ba shi haƙuri.

Shinkafa na dab da nuna ruwa ya haye jinga. Abin tausayi, ko damin iri Arzika bai fitar ba.

Sadisu ya iske tsohon a tsaye bakin fadama, ruwa har gwiwa. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, wallahi na san zai zo. Na rubuta musu."

Arzika bai ko juyo ba. "Ka rubuta mi?"

"Na ce yana zuwa kamar walƙiya."

Tsohon ya ce, "Ni ban jin Turanci, ɗana. Amma su da ka ji nai, su ma ba su ji ka ba."

Darasi: Rubutun kimiyya ba fagen burgewa ba ne. In za ka faɗi saurin abu, da Turanci ko da Hausa, faɗi awonsa da ma'auninsa, kuma ka saurari mai yi maka gyara tun da sauran lokaci. Ku tura wa ɗalibai da ma'aikatan da kuka sani, wataƙila abincin wani gida na rataye da rahotonsu.