Kyankyaso Mai Sana'a Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba irin ta jiya ba ce.

Kyankyaso ne ya bugi ƙirji a dandali, ya ce shi kaɗai gayya ne. Al'adar ƙwari kuwa, ƙungiya ake yi a yaƙi Zakara, a raba gashin da aka figo, wanda ya fara tara goma shi ne Sarkin Yaƙi. Kyankyaso ya ga rabo yana ja masa baya, ya yi koyon sana'a irin nawa: yini guda harbi wurin Rina, yini guda garkuwa wurin Buzuzu, yini guda magani wurin Zuma.

Ran fita Rina ta ce, "Zo mu cika huɗu, ɗan'uwa."

Ya ce, "In raba da wa? Ni ne maharbi, ni ne boka, ni ne mai tarewa."

Ya riƙe baka da kibiya da ƙafa biyu, garkuwa da biyu, gorar magani da biyu. Aka buga gangar tafiya, gari ya zuba ido.

Buzuzu ya ce, "Ranka ya daɗe, da wacce za ka taka?"

Kyankyaso ya yunƙura, sai ga shi rigingine, magani ya kife masa a fuska. Yana harba ƙafafu ya ce, "A cikin ku uku, wa zai juya ni?"

Zuma ta ce, "Tambayi bokanka."

Ƙurunƙus kan kusu, in ƙarya ce ku juya ni.