Yatsu Biyar na Malam Taswira

Akwai wani malamin labarin ƙasa a wata sakandare, ɗalibai na ce masa Malam Taswira, don ba ka taɓa ganinsa babu taswira naɗe a hammata ba. Masu tsokana ma cewa suke da ita yake kwana.

Ya iya aikinsa, wannan ba a ja. Sai dai akwai shi da ji da kai.

Duk zangon karatu yakan zaɓi ƙasa ɗaya aji ya yi nazarinta. Sai ya ɗaga hannu yana bin yatsunsa:

"A ina take? Yaya kamanninta da mutanenta? Yaya suke zama da ƙasarsu, me suka yi mata, me ta yi musu? Me ke shiga, me ke fita? Sannan da waɗanne maƙwabta take kama, har a sa su yanki guda?"

Daga nan ya dunƙule hannun ya ce, "Wanda bai cika yatsun nan biyar ba, kada ya ce mini ƙasa kaza mai kyau ce ko marar kyau. Ya ja bakinsa ya yi shiru."

Yara da yawa sun sha kunya da dokar nan, shi kuwa har wani daɗi yake ji.

To, a gida saura 'ya ɗaya ta rage masa, Auta. Yayyenta duk sun kama gabansu. Wata rana Auta ta shigo da murna, ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a wata ƙaramar ƙasa da ke can cikin duwatsu. An ce ta ba da amsa kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ba wani.

Malam ko kallon wayar da take miƙa masa bai yi ba.

"Waccan ƙasar? Ba ita aka taɓa nunawa a talabijin ba, ƙasa ta zaftaro ta binne gidaje? Babu komai can sai duwatsu da wahala. Ba za ki ba."

Auta ba ta yi musu ba, amma ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Da safe ta kawo masa shayi, ta durƙusa gefe.

"Baba, ina da tambaya irin ta ɗalibai. A ina ƙasar take?"

Nan fa aka zo gidansa. Ya zayyano mata gabas da yamma, har da sunan kogin da ya raba ta da maƙwabciyarta.

"Yaya kamanninta?"

"Duwatsu mana."

"Mutanenta fa, Baba? Yaya suke zama da duwatsun?"

Malam ya yi gyaran murya, ya kurɓi shayi, ya sake gyaran murya. Sai ga mahaifiyar Auta ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Malam, yatsa nawa ke nan? Ni dai na ƙirga ɗaya da rabi."

Ai kuwa ya bar shayin nan, ya suri taswirarsa ya fice yana huci.

Da ya shiga aji, sai ya rubuta sunan ƙasar a allo, ya raba yara rukuni biyar, kowane rukuni da yatsansa. Kada ku ɗauka neman gaskiya ya sa shi. Hujja yake so yara su tara masa ya kai gida ya rufe bakin uwa da 'ya.

Yaran kuwa suka duƙufa, daga ɗakin karatu sai wayoyin iyayensu. Masu yatsa na biyu suka gano zaftarewar nan a wani kwari guda ta faru, nesa da garin da jami'o'insu suke. Masu na uku suka zo da hotunan gonaki da aka sassaƙa a jikin dutse hawa hawa kamar matattakala, da itatuwan da aka dasa don su riƙe ƙasa. Masu na huɗu suka ce ganyen shayi suke fitarwa, ɗalibai kuma daga ƙasashe da dama can suke zuwa karatu. Masu na biyar suka nuna ita da maƙwabtanta duk tsauni ɗaya suke jingine da shi, sanyinsu ɗaya, nomansu ɗaya.

Malam ya bi bayanan nan da jan biro yana neman kuskure. Abin da ya samu kawai, akwai sanyi mai shiga ƙashi, hanyoyinsu kuma sun cika kwana. Ba aljanna ba ce, amma ƙasa ce ta mutane masu ƙoƙari.

Ya dawo gida jiki a sanyaye, ya zauna a falo yana kallon ƙofar ɗakin Auta. Matarsa ta zauna kusa da shi.

"Malam, mu bar kewaye kewaye. Ba duwatsu kake tsoro ba. Ɗakin can kake tsoron ka gani babu kowa."

Ya ce, "Wallahi haka ne. In ta tafi wa zai riƙa yi mini gardama?"

"Ga ni," in ji ta.

Dariya ta ƙwace masa. Ya ƙwala wa Auta kira, ta zo ta durƙusa. Ya ɗaga hannunsa, yatsu biyar a buɗe.

"Na cika su. Na yi magana da ɗaya da rabi, ban kyauta miki ba. Ki amsa musu yau ɗin nan. Allah ya yi miki albarka. Amma rigar sanyi ni zan zaɓa, don na fi ki sanin ƙasar yanzu."

Auta ta shiga godiya, hawaye da dariya a haɗe.

Bayan tafiyarta, ana bitar ƙarshen zango, aka dawo kan yatsa na huɗu. Monitar aji ta ɗaga hannu.

"Malam, mun ga abin da suke aiko mana. To mu me muke aika musu?"

Malam ya zaro jan zare daga aljihu. Ya kafa fil a kan garinsu a taswirar bango, ya ja zaren har cikin duwatsun nan ya kafa wani. Ya juyo yana murmushi.

"Ni dai na aika musu autata."

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dokar da kake kafa wa mutane, fara gwada ta a kanka. Kada ka yanke wa wata ƙasa ko wasu mutane hukunci da labari guda da ka taɓa ji, kuma in gaskiya ta bayyana, karɓarta ba ta rage girma. Ku tura wa iyaye da malamai, wataƙila akwai wata Auta da ke jiran babanta ya cika yatsunsa.