Gwaggon Sarki a Bayan Ganuwa

An ce wani sarki ne Allah ya buɗa wa ƙofar haihuwa, 'ya'ya har sunayensu na rikice masa, amma duk faɗin gidan nan abokin hirarsa mutum ɗaya ne, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla. Shi ɗan fari ne, uwarsa kuwa ta yi masa kunya irin ta mutanen da, ba ta kama sunansa, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Da aka yaye shi sai aka ba Tasalla riƙo, ita da ta yi aure har ta gaji ba ta taɓa ko ɓari ba. A bayanta ya girma. Ko bayan ya hau gado, ɗakinta kaɗai yake shiga ya ajiye rawani, ya miƙe ƙafa, ya sha kunu ana yi masa faɗa.

Wata shekara damina ta ƙi sauka. Aka fita roƙon ruwa, shiru. Sai fadawa, waɗanda ba sa rasa magani muddin ba su ne za su sha ba, suka ce, "Allah ya ba ka nasara, albarka guda ce, ta ƙasa da ta saniya da ta mace. Garin da ya tara matan da ba sa haihuwa, gonarsa ma ba ta haihuwa. A fitar da su bayan ganuwa, mu ga ikon Allah."

Tsoron yunwa ya rufe wa sarki ido, ya sa aka yi shela. Bai tuna da Gwaggo ba sai da aka zo aka ce masa ta naɗe tabarmarta ta bi sahu. Ba wanda ya kore ta. Ta ce ita dai ba ta ji mai shela ya ce ban da ita ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ba a jima ba ruwa ya kece. Gero ya yi yabanya, fadawa suka yi ta hura hanci, gari ya cika da murna, sarki kaɗai aka bari da baƙin ciki. 'Ya'yansa su zo su faɗi gaisuwa su tashi, matansa su kawo abinci su ja da baya. In ya yi magana a ce gaskiya ne, in ya yi shiru a ce hikima ce. Yakan shiga ɗakin tsohuwar ya zauna a kan gadon da babu shimfiɗa, ya daɗe, ba mai ce masa ya gyara zama. Kaɗaici ya ci shi har ya rame.

Ran nan da hantsi ya hau doki, ya hana kowa binsa, ya fita bayan gari. Ya iske bukkokin kara, Gwaggo na zaune ƙofar ɗaya tana watsa wa kaza tsaba, 'yan zabi na biye da kazar.

Ya sauka ya ce, "Gwaggo, tashi mu koma gida. Na yafe miki."

Ta ce, "Ya sarki, wane laifi aka yafe mini?"

Kalmar nan ta soke shi, don tun da yake ba ta taɓa kiransa sarki ba. Ya ce, "An ce zamanku ne ya riƙe albarka. Kun fita, ruwa ya sauka."

Ta ce, "Ya sauka. Mu ma a kanmu ya sauka, ga rigata ba ta bushe ba. Ko girgijen bai ji shelarka ba ne?"

Ta nuna kazar ta ce, "Ya sarki, yanke mini hukunci. Zabuwa ta yi ƙwai a daji ta tafi, aka ɗauko aka sa wa kazar nan. Ta kwanta a kai har ƙirjinta ya tsige, yanzu ita ke tare musu shaho. Wace ce mai albarka a cikinsu?"

Ya ce, "Dukkansu. Ɗaya ta haifa, ɗaya ta raya."

Ta ce, "To, ka yi wa kaza adalci."

Kunya ta kama shi, ya durƙusa a gabanta kamar yaro, ya ce, "Ni dai ki taimake ni, gidan nan ya yi mini faɗi. Ba wanda zai ce uffan in na shiga da ke."

Ta ce, "Na sani, shi ya sa ba zan bi ka ba. Dubi bukkokin nan. Babu mace a cikinsu da ba ta goya ɗan wani ba. Waccan ungozoma ce, rabin fadawanka ita ta yanke musu cibiya. Kowace tana da wanda ke kewarta a cikin gari, yana leƙowa ta kan ganuwa yana komawa. Nawa ne kurum yake da iko."

Sarki ya tashi ya ce, "Na soke dokar. Kowa ta ɗauki kayanta."

Gwaggo ta kama hannunsa, ta zaga da shi bayan bukkoki, inda wasu kaburbura biyu suke, ƙasarsu ba ta gama kwantawa ba. Ta ce, "Sanyin damina ne ya ɗauke biyu daga cikinmu. Mu muka wanke su, mu muka haƙa. Gaya musu su ma ka soke dokar, ko za su ji."

Ya tsaya a kansu har rana ta take, hawaye na sauka cikin gemunsa. Daga nan ya ɗora mafi tsufan matan a kan dokinsa, ya kama linzami, ya shiga gari da ƙafa, Gwaggo na can ƙarshen sahu da kazarta a hammata.

Da fada ta cika, ya ce, "Ku riƙe wannan daga bakin wanda ya saye shi da rai biyu. Hukuncin da sarki ba zai iya ɗora wa nasa ba, zalunci ne ya ɗora wa na wani."