Kwaɗon Zogalen da Jatau Ya Haɗiye

Dalilin da ya sa akuya take kwanciya a inuwa tana ta tauna, alhali ko tsinke babu a gabanta, a gidan surukai ya samo asali, yara. A da awaki ci suke su haɗiye, baki ya huta kamar na kowa. Wani jan bunsuru mai suna Jatau ne ya ja musu.

Shi Jatau bai san daɗin abinci ba. Ɓawon rogo, tsumma, igiyar shanya, duk ɗaya ne a wurinsa in dai ciki ya cika. Ko matarsa Lantana ta manta gishiri a girki, sai ya lashe baki ya ce madalla.

Da kaka ta yi, Lantana ta ce a kai yara su gai da kakarsu, Inna Tabawa, a hayin gulbi. Suka kama hanya. A ƙauyen farko aka ba su sabuwar harawar wake. Jatau ya kai baki, sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Lantana ta ce, "Abinci ne, maigida. Ka daɗe kana cinsa, yau ne dai ka tsaya ka saurare shi."

A gaba suka ci dusa da kanwa, a gaba kuma 'ya'yan gawo. Kafin su kai gulbi, bunsurun da ke cin tsumma ya zama mai cewa kanwar nan ta ɗan yi yawa. Lantana ta ce ai bai ci komai ba tukuna, sai ya ɗanɗana kwaɗon zogalen Inna. Tun daga nan Jatau ya koma gaba, yana faɗa wa yara cewa sun cika nawa.

To kun san suruki ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa. Akan ajiye masa a zaure ne, a ba shi wuri. Amma Inna Tabawa tana son hira fiye da kima. Ta dire akushin kwaɗo a gaban Jatau, kwaɗon ya sha ƙuli-ƙuli da albasa, sannan ta zauna daram a bakin ƙofa.

Ta ce, "Bismilla, ɗan nan."

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙoshi, Inna."

Cikinsa ya yi ƙugi, ya rufe da tari. Ta tambayi lafiyar babansa, da gwiwar innarsa, da damina, da jakin maƙwabcinsu. Yana amsa "lafiya lau", ƙamshi yana hawa masa ka. Ga shi da la'asar za su juya don kada kwale-kwale ya bar su. Tsoro ya kama shi sosai, kada ya yi wannan doguwar tafiya ya koma gida bai taɓa kwaɗon ba.

Can sai tukunya ta yi bori a cikin gida, tsohuwa ta tashi da sauri. Jatau ya tsunduma kai cikin akushi. Babu lokacin tauna, haɗiya kawai yake yi har idonsa ya yi ja. Ya goge gemu ya koma ya nutsu.

Ta dawo ta ga akushi yana ƙyalli.

Jatau ya ce, "Kaji ne, Inna."

Ta bi kajin gidan da tsintsiya, bayin Allah ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A bakin gulbi, suna jiran kwale-kwale a gindin tsamiya, yara suka yi ta yabon kwaɗon kakarsu, wannan ya ce yajin, wancan ya ce ƙulin. Nan Jatau ya gane asarar da ya tafka: akushi guda yana cikinsa, harshensa bai san an yi ba. Baƙin ciki ya cika shi. Ya ja wata doguwar ajiyar zuciya tun daga ƙasan ciki, sai ga loma ta biyo ta, ta dawo baki.

Ya tauna a hankali. Daɗin ya ratsa shi har kofato. Ya lumshe ido, ya sake jawo wata.

Da ya buɗe ido, Inna Tabawa ce tsaye a kansa, riƙe da ƙullin daddawar da Lantana ta manta.

Ta ce, "Me kake ci, ɗan nan? Kai da ka ƙoshi?"

Ga suruka a gaba, ga kwaɗon da aka daki kaji a kansa cike da kumatu. Jatau ya ce, "Ba ci nake ba, Inna. Haka bakinmu yake, ba ya zama wuri ɗaya. Gadon gidanmu ne."

Tsohuwa ta juya ta ƙura wa jikokinta ido. Jatau ya harare su. Nan take yara suka shiga juya baki, Lantana ma ta taya mijinta don ta rufa masa asiri.

Inna Tabawa ta ce, "Allah sarki, har 'yata ta ɗauka." Kafin rana ta faɗi ta bi gida gida ta ba da labari, masu kwale-kwale suka haye da labarin. Ko'ina Jatau ya bi sai a leƙa bakinsa. Ranar da ya daina, ranar zai zama maƙaryacin da ya cinye akushin surukarsa, don haka bai daina ba, bai kuma bar 'ya'yansa sun daina ba.

Shi ya sa har wa yau akuya take haɗiye abinci da gaggawa, sai ta sami inuwa ta dawo da shi ta tauna, abin da muke kira tuƙa. Ku lura da ita in tana yi, za ku ga tana satar kallo gefe. Dubawa take ko Inna Tabawa ta tafi.