Ƙuri'ar Wutsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yarana.

Ta zo mu saurara, Inna.

Yanzu babu Bushiya, mai sharar tsangayar koyon shari'a ta jami'ar dawa.

Da ma'aikata suka matsa, malamai suka ba su kujera ɗaya a majalisa. Ma'aikatan suka zaɓi Kwaɗo saboda muryarsa.

Ran nan a majalisa Kura ta ce, "Bushiya ta tsufa. A karɓe ɗakinta a zuba littattafai."

Kwaɗo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, Zaki, damina ce fa, ga ta da tari. Ina za ta?"

Zaki, shugaban majalisa, ya ce a yi ƙuri'a. Su kuwa tun kakanni da ɗaga wutsiya suke yi. Masu son korarta da masu son barinta suka yi kunnen doki. Kwaɗo ya ɗaga hannu.

Dila ya ce, "Haba Malam Kwaɗo, doka wutsiya ta ce. Ina taka?"

Kwaɗo ya waiga bayansa, bai ga wutsiya ba. Zaki ya raba gardama, ya bi Kura.

Kafin kaka, Bushiya ta rasu a gindin kalgo. Shi ya sa Kwaɗo yake kuka duk damina.

Ƙurunƙus, ta ƙare. Allah ya jiƙan Bushiya, ku ce amin.