Ƙarar Injin Tabawa

Alhaji Mamuda ya kai maƙwabciyarsa, Tabawa mai markaɗe, gaban mai unguwa, wai ƙarar injinta na keto bango tana shigo masa falo.

Mai unguwa, wanda ya saba da tuwon gidan Alhaji, ya ce, "Tabawa, ƙarar nan taki ce. Ki kwashe duk wadda ta shiga gidansa kafin la'asar, ko ki kashe inji."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na manna kwalayen ƙwai, na rataya tsohuwar katifa, Alhaji ya sa aka cire, wai bangonsa ne. Amma zan kwashe kayana. A ba ni ƙarti huɗu."

"Na me?"

"Su kai injin falon Alhaji. Ƙarar nan kamar 'yan tsaki take, ba ta fitowa sai ta ji uwarta. Sai mu tayar da shi a can har ta taru."

Alhaji ya zabura. "Yaushe za ta gama taruwa?"

"Ai ta shekara uku ce, Alhaji."

Alhaji ya share gumi. "Na yafe, a bar min ita. Ina katifar nan? Ni zan buga ƙusar da hannuna."