Gwanin Kurket da Rantsuwar Ƙarya

An yi wani mutum a nan garinmu Multan, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na raye. Ɗan wasan kurket ne, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda. A wasan nan wani jifa ya iya, wani bugu. Shi Allah ya haɗa masa duka biyun. In ya jefa ƙwallo sai sandunan da mai bugu ke karewa sun tarwatse, in ya buga sai an je nemanta bayan katanga.

Yana da aboki, Shafkat, tare suka taso a lungu ɗaya, shi ma gwanin jifa da bugu. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar ƙasa, su biyu ke nemansa.

Ran nan suna atisaye cikin zafin rana, Shafkat ya cire hular kwanonsa ya ajiye. Ya ce, "Kai ƙato, jefo mini a hankali, kaina ba tulu ba ne." Suka yi dariya. Mutumin nan ya ja da baya, ya sheƙo, ya auna kan abokinsa da duk ƙarfinsa. Ƙwallon ta same shi a bayan kunne. Kwana uku Shafkat ya rasu.

Kowa ya ce tsautsayi ne. Sai uwar mamacin, Bibi Zarina, ta kira mutumin nan wajen zaman makoki. Ta ce, "Ɗana, a gidan nan ka ci gurasa. Dube ni ka ce ba da gangan ba ne." Ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse. Ta sa masa albarka.

Ya 'yan uwa, kuna tsammani nan take ƙasa ta haɗiye shi? Ina! Allah yana jinkirtawa, amma ba ya mantuwa. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana wa ƙasa wasa. Ya ci nasara a Ingila, ya ci a Ostareliya. Direbobi suka zana fuskarsa a bayan manyan motoci.

Sai wata rana a Lahor, da rana tsaka, fili cike da jama'a, ya sheƙo zai yi jifa. Ya ɗaga ido, ya ga mai bugun ba hula a kansa. Shafkat ne tsaye, yana murmushi. Mutumin nan ya ci burki. Alƙalin wasa ya tambaye shi lafiya, ya ce ƙafarsa ce ta gurɗe.

Daga ranar abin bai bar shi ba. In yana bugu, duk lokacin da ƙwallo ta haɗu da sanda ba ƙarar itace yake ji ba, wata ƙara yake ji wadda shi kaɗai ya santa. In ya ƙirga 'yan wasansu a fili sai ya samu goma sha biyu maimakon goma sha ɗaya. Likitoci suka duba shi ba su ga komai ba. 'Yan kallon da suke ɗaga shi jiya suka koma yi masa ihu, suna cewa tsoho ya je ya sayar da mangwaro. Aka sallame shi daga tawaga.

Ya zo wurina bayan sallar la'asar, a masallacin nan. Ya faɗa mini komai. Yana magana yana kallon bayana. Ya ce, "Maulana, a sahu ma kusa da ni yake tsayawa. Ba ya cewa komai."

Na ce ya je ya durƙusa gaban tsohuwar nan ya faɗi gaskiya. Ya ce jaridu za su ji, a bari ya shirya. Wata biyu yana shiri. Bibi Zarina ta rasu tana yi masa addu'a.

Bayan haka kullum da azahar ana ganinsa a filin unguwa, yana sheƙowa a guje, ya tsaya cak, ya koma ya sake. Da ya mutu ni na yi masa wanka. Hannunsa na dama a dunƙule yake, kamar mai riƙe da ƙwallo. Mu uku muka yi ta ƙoƙari, yatsun suka ƙi buɗuwa. Haka muka sa shi a likkafani.

Ya 'yan uwa, me suna ya tsinana masa? Ya yi kisa don hassada, ya rufe da rantsuwar ƙarya, aka buɗe masa ƙofar tuba ya ce sai gobe. Wanda ya san akwai haƙƙin wani a wuyansa, ya je yau, tun mai haƙƙin na numfashi.

Allah ya kiyaye mu da hassada, ya ba mu ikon tuba kafin ƙofa ta rufe. Amin.